Amsa ga mai tambayar sauya wa tsohon injin jirgi hanyar sanyaya

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ka yi tambaya, na ga ka ce ka sayo tsohon jirgi mai injin dizal na ciki daga Warri ka kawo shi Yauri, injin yana zuƙar ruwan kogi kai tsaye yana sanyaya kanshi, kuma wani ya ba ka shawara ka mai da shi irin na mota, wato ruwanshi ya riƙa zagayawa a rufe. To ni dai na daɗe cikin harkar ga, tun ina yaron jirgi tsakanin Zamare da Rofiya har na zo na mallaki nawa, kuma na taɓa yin wanga aiki da kake son yi, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Masu Yamaha na rataye a bayan kwale-kwale ku huta, maganar ba taku ba ce, shi wannan haka aka ƙera shi ya sha ruwan kogi ya fitar, ba a sauya mishi.

Shi tsarin rufaffen ruwa ba lagireto ake sa mishi ba kamar mota, don cikin jirgi babu iskar da za ta bugi lagireton. Wani tulu ne na ƙarfe mai siraran bututu da yawa a ciki, ruwan kogi na bi ta cikin bututun, ruwan inji mai haɗe da kulan, wato maganin da ake zubawa cikin ruwan sanyaya inji, na bi ta bayansu, ba su gauraya amma zafi na tsallakawa. Ka ga ke nan har yanzu kana bukatar ruwan kogin, famfonka mai robar nan da muke ce ma imfela na nan daram, in ta ƙone inji zai yi zafi kamar da. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, sai su ɗauka in an yi aikin an rabu da kogi ke nan, ina!

Amfaninshi na gaskiya ne ban musa ba. Injin da ke shan ruwan teku ana riƙe zafinshi wajen digiri 60 ne, don in ya wuce haka gishiri ya fara daskarewa a hanyoyin ruwa, amma rufaffe yakan kai wajen 80, kuma dizal ya fi son haka, ya fi ƙone mai da kyau, baƙin mai ma ya fi daɗewa bai lalace ba, ga kulan na hana tsatsa. Sai dai Turawa abu biyu suka fi gudu da suka rungumi tsarin, gishirin teku da ƙanƙarar hunturu da ke fasa bulok. Mu kuma a Kebbi wanne muke da shi? Ko sanyin Janairu da ke sa Sarkawa hura wuta bakin ruwa bai taɓa daskarar da ruwan kwano ba, kuma kogin Neja ruwan daɗi ne. Abin da ke cin mu laka ne da yashi da leda da kainuwa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da ruwa ke zuwa jawur kamar kunu, kafin baƙin ruwan nan mai tsabta ya sauko daga sama lokacin sanyi. Kuma ita laka ba ta raga ma siraran bututun nan, ta ma fi saurin toshe su bisa ga manyan hanyoyin cikin bulok.

Ga abin da ya same ni. Nawa injin ma daga kudu ya zo, ya sha gishiri shekara da shekaru ban sani ba, daga waje fenti fes. Wani bakanike ya haɗa min komai, muka sa tulun, muka ƙara famfo na biyu da fanbel ɗinshi don nawa famfo ɗaya gare shi, muka zuba kulan kore shar. Sati biyu ina ta yabon kaina, ran nan muna dawowa daga kasuwar Warra da lodin buhuna sai allura ta haura ja, muka kashe inji muna ta shawagi tsakiyar ruwa fasinja na salati har wani mai kwale-kwale ya ja mu gaɓa. Da muka kwance tulun wallahi ɓawon tsatsa ne cike kamar ƙanzon tukunya, ashe zafi da kulan sun ɓamɓaro dattin da ya shekara manne a bulok ya zo ya toshe hanya. Muka wanke, ya sake, muka wanke, ya sake. Daga baya kuma sai yoyo, don rufaffen tsari yana da matsi saboda murfinshi, wuraren da tsatsa ta cinye suka yi siriri da can ba su nuna ba sai yanzu. Ranar da na zaro sandar gwada mai na gan ta fari kamar an dama fura da nono na san kuɗina sun tafi, kulan in ya shiga baƙin mai metal yake ci, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu.

Don haka kafin ka kashe ko sisi, kwance gidan tamostat, wato abin nan da ke daidaita zafin ruwan inji, da tiyo babba ka haska tocila ka zura sukundireba ka kankara. In ɓawo na zubowa ɓaro-ɓaro, ƙyale shi yadda yake, ka yi ta lallaɓa shi har ranar da za ka sauke shi a yi mishi gyaran gaba ɗaya ko ka samu wani bulok, ran nan ne ya dace a sauya. Kuma injin da ya fito Warri ni ban sa rai za ka tarar da shi da tsabta.

Kuɗin da ka tanada ka sayi rariya babba mai murfin gilashi ka sa tsakanin mashigar ruwa da famfo inda idonka ke gani, ka sa agogon zafi mai aiki, in da hali har da mai ƙara, ka riƙa sauya imfela duk shekara kana ajiye guda a akwatin kaya da sifanunta. Duk sanda ka tada inji leƙa salansa ka ga ruwa na fita kafin ka kwance igiya. Kuma don Allah kar ka bari a cire maka tamostat a jefar, wanga ɗabi'a ta kanikawanmu na mota ta biyo mu har ruwa, inji ya yi ta aiki a sanyaye yana hayaƙi yana shan gas.

In kuma ka buɗe ka ga cikin lafiya lau kuma ranka na son rufaffen, to ga irin ruwanmu ni na fi karkata ga dogon bututu da ake shimfiɗawa ƙarƙashin jirgi ta waje, ruwan inji ya zaga ta ciki kogi ya sanyaya shi, laka ba ta shiga ko kaɗan. Amma shi ma da nashi, ruwanmu da ɗumi lokacin bazara sai bututun ya yi tsawo sosai, ga kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya shanye tun 1968 suna nan ƙarƙashi suna jira, sai an yi mishi kariya. Sannan salansa za ta koma busasshiya mai zafin gaske, a jirgin katako dole a naɗe ta da kyau a nisanta ta da itace da jarkokin mai.

Turo mana sunan injin da hoton cikin gidan tamostat ɗin in ka kwance, ka faɗa mana ko jirgin ƙarfe ne ko katako, sai mu ga wadda za ta fisshe ka.