Tambaya da amsa: Da gaske ana gwada 'yan ƙwallon kwando kan ƙwayoyin ƙara kuzari?

Tambaya: Salam Dakta, ni ɗan ƙwallon kwando ne a nan Gusau, kuma ina bin wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a waya. Na ji an dakatar da wani ɗan wasa wai saboda tiramol, abin ya ɗaure min kai domin mu nan ai ko a kemis wasu na samu. Don Allah da gaske ana gwada su, ko sai wanda anka tsana? Kuma yaya ake gwajin?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanena. E ana gwadawa, kuma labarin da ka ji gaskiya ne. Bobby Portis ne na ƙungiyar Milwaukee Bucks, a watan Fabrairun 2025 anka dakatar da shi wasa 25 babu albashi bayan an samu tiramol a jikinshi. Wakilinshi ya ce kuskure ne, wai ya ɗauka Toradol ne, wani maganin ciwo da ba a hana ba, sunayen ne sunka yi kama. Duk da haka hukuncin ya hau kanshi. Ka tuna kakar NBA wasa 82 ce, to wasa 25 kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan na aikin shekara ya tafi da kuɗinshi.

Tsari biyu ne ke akwai, kuma mutane na yawan haɗa su wuri guda. NBA tana da nata tsarin da ta yi yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa, ta fara tun 1983 amma lokacin hodar iblis ake nema, sai 1999 anka saka ƙwayoyin gina jiki a jerin. Ana iya ɗaukar fitsarin ɗan wasa har sau huɗu cikin kaka da sau biyu lokacin hutu, ba sanarwa, kuma daga kakar 2015 zuwa 2016 anka ƙara da gwajin jini don kama sinadarin girma da ake kira HGH, wanda fitsari ba ya nuna shi da kyau. Kamu na farko wasa 25, na biyu 55, na uku kora, sai bayan shekara biyu mutum ya roƙi a mai da shi. Wiwi kuma sun cire ta daga gwaji a yarjejeniyar 2023, wannan nasu ne can Amurka, kada wani ya ɗauka a nan ma an halatta.

Ɗaya tsarin shi ne na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ita dokar WADA take bi, wato hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni da anka kafa a 1999. Nan ne D'Tigers da D'Tigress, ƙungiyoyin Najeriya na maza da mata, suke, nan ne kai ma za ka faɗa in Allah ya ɗaga ka. Kuma nan ya fi zafi nesa ba kusa ba, wanda anka kama da gangan ya sha sinadarin gina jiki shekara huɗu ce, ba wasa 25 ba. Ni a ganina hukuncin NBA ya yi sauƙi, mutum mai miliyoyin daloli ya huta wata biyu ya dawo, ba zai razana kowa sosai ba.

Yadda ake yi a tsarin WADA kuwa, da an sanar da kai jami'i ba ya rabuwa da kai har ka ba da fitsari, kuma a gabanshi za ka yi, namiji ga namiji mace ga mace, kunya ba ta aiki a nan. Ana son aƙalla mililita 90, kai da hannunka za ka raba shi kwalba biyu, A da B, ka rufe, lamba ce a jiki ba sunanka ba, don haka masu ɗakin gwaji ba su san na waye ba balle a ce tsana. In A ya nuna wani abu kana da haƙƙin a buɗe B. Kuma ana iya aje samfurin har shekara 10 a sake dubawa in na'ura ta ci gaba. Dalilin sa ido ɗin nan ka ji shi: wani Ba'amurke DJ Cooper da ke wasa a Turai a lokacin, gwajinshi na 2018 ya nuna yana da juna biyu, ashe ba fitsarinshi ba ne ya miƙa, FIBA ta ba shi shekara biyu.

To amma abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne dokar ba ta tambayar niyyarka kafin ta ce ka karya ta, abin da anka samu a jikinka kai ke da alhakinshi, ko kocinka ya ba ka ko abokinka ko mai kemis. Niyya sai dai ta rage ko ta ƙara tsawon hukunci. Dubi Deandre Ayton, shi anka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA a 2018, a 2019 ya sha dakatarwar wasa 25 kan maganin sa fitsari kawai, domin irin wanga magani ana amfani da shi a wanke jiki a ɓoye wani abin. John Collins shi ma a shekarar anka dakatar da shi, Tristan Thompson a Janairun 2024, Ayton da Collins maganarsu guda, wai ba su sani ba, Collins ya ce a cikin garin ƙarin gina jiki ne. Wasu ƙila da gaskiyarsu domin irin waɗannan gwangwanaye akan samu abin da ba a rubuta a jiki ba, wasu kuma Allah kaɗai ya sani.

Mu a nan haɗarin ma ya fi yawa. Tiramol WADA ta hana shi lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma ko ba don gwaji ba yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya in an zarce, yana ɓoye ciwon gwiwa ka ci gaba da tsalle har jijiya ta tsinke. Ga haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa a robar ruwa, na ƙarfi ne na basir ne, ba takarda ba komai, wasu ana barbaɗa musu maganin bature a ciki. Ga allurar da ake wa mutum a kemis don ciwon gaɓa, wadda sau da yawa irin su dexamethasone ce, ita ma haramun ce lokacin gasa in ta allura ce ko ta baki.

In kana da ciwo na gaske, asma ko sikari mai buƙatar insulin, ba a ce ka bar magani ba, akwai izini na musamman da ake nema, TUE, likita ya cika takardu kafin gasa. Jerin WADA kuma yana canzawa duk 1 ga Janairu, kyauta ne a intanet. Ka sauke shi a wayarka, duk likitan da zai rubuta maka magani a Gusau ka gaya mishi kai ɗan wasa ne ku duba tare, ka kuma riƙa aje kwalin abin da ka sha domin ranar gwaji za a ce ka lissafa duk abin da ya shiga bakinka cikin kwana bakwai da sunka wuce.