Tambaya da Amsa: Ina ake samun horon zama malamin matuƙan jiragen alfarma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kyaftin ne a kan Challenger 604, lasisina na Najeriya ne, awannina sun haura 4,000. Kamfaninmu na jiragen shata ya ɗauki sababbin matuƙa, kuma kowane horo sai an ɗauko malami daga waje. Ina so in zama malamin samfurin jirgi, wato TRI. Ina zan je, kuma da me zan fara?
Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Kyaftin. Allah ya cika maka wannan buri, domin muna da ƙarancin irinku a gida.

Kada ka fara da neman makaranta, ka fara da hukumar da ta ba ka lasisi. A jikin lasisinka za a rubuta izinin koyarwa, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ce kaɗai za ta rubuta shi. Ka duba Kashi na 2 na dokokinta, wanda ya shafi lasisi, da Kashi na 3 mai magana kan makarantun horo. Sannan ka rubuta wa sashen lasisi takarda da sunan makarantar da lambar simuletar (na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi) da za ka yi amfani da ita, ka jira amsa a rubuce kafin ka biya ko sisi. Cibiyar Turai za ta koya maka kwas ɗin tsaf, amma in NCAA ba ta amince da ita ba, takardar da za ka dawo da ita ta ratayewa a bango ce kawai. Ka kuma kalli wutsiyar jirginku. In rajistarsa ba 5N ta Najeriya ba ce, a ce T7 ta San Marino ko VP-C ta tsibiran Kayman, to hukumar can ma tana da bakin magana kan wanda zai yi horo a cikinsa.

Simuletocin irin waɗannan jirage galibi suna hannun kamfanoni biyu, CAE da FlightSafety. CAE na da cibiya a Dubai tare da Emirates, da Burgess Hill a Ingila, da Dalas, da Montiriyal. FlightSafety na Farnborough da filin Le Bourget na birnin Faris, ban da cibiyoyinta na Amurka. Ba kowace cibiya ce ke da kowane samfuri ba, saboda haka samfurin jirginka ne zai zaɓa maka ƙasa. Ka lura da abu biyu. Tun farkon 2021 Birtaniya ta fita daga tsarin EASA, hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, don haka ka tambayi cibiyar Ingila amincewar wace hukuma take riƙe da ita. Ita kuma FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ba ta da wata takarda mai suna TRI. Malamanta suna koyarwa ne a ƙarƙashin cibiyar horo ko kamfanin jiragen da suke wa aiki.

Ga ma'aunin EASA, wanda shi yawancin cibiyoyin nan za su auna ka da shi, sai ka ɗora shi kan sharuɗɗan NCAA tunda su ne ke hukunci a kanka. Ga jirgi mai matuƙa biyu ana neman awa 1,500 a irin waɗannan jirage, da zango 30 a kan samfurin cikin wata 12 kafin ranar da ka shigar da takarda, kuma 15 daga ciki ana iya yin su a simuleta. A nan matuƙan jiragen alfarma suke tuntuɓe. Zango shi ne tashi ɗaya da sauka ɗaya: Abuja zuwa Katsina zango ɗaya ne, Legas zuwa Dubai ma zango ɗaya. Mai jirgi yana iya yin wata guda bai motsa ba, ko jirgin ya tafi babban gyara ya yi wata uku, sai ka tarar tsofaffin zangunanka sun zube daga lissafi. Buɗe littafin awanninka ka ƙirga baya daga ranar da kake sa ran gama kwas, ba daga yau ba.

Kwas ɗin kansa awa 25 ne na dabarun koyarwa, awa 10 na ilimin jirgin da shirya darasi, sai awa 10 na koyar da tuƙi, a ƙarshe jarrabawar ƙwarewa a gaban mai jarrabawa. Wanda ya taɓa riƙe takardar malanta ana yafe masa awa 25 ɗin farko.

Wahalar ba a tuƙi take ba, Kyaftin, kai ka riga ka iya. Tana kujerar baya ta simuleta. Can za ka zauna gaban allon malami kana saka nauyin jirgi, da zafi, da iska, da nisan gani, kana tsara injin hagu ya mutu daidai gudun V1, wato gudun da in an wuce shi ba a fasa tashi, kana yin muryar hasumiya da ta ma'aikaciyar jirgi, kuma idonka na kan ƙafar ɗalibi. Malamin da ke horar da kai zai zama ɗalibi, ya taka fedar da ba ita ba da gangan, ya ga ko za ka gane dalilin da jirgin ya karkace ko kuwa sakamakon kawai ka gani. Sababbin malamai sukan jibga matsala kan matsala, gobara a kan mutuwar inji a kan hazo, har ɗalibi ya rikice bai koyi komai ba. Wasu sukan mayar da jirgi bakin titi su manta ba su goge matsalar baya ba. Mafi yawa kuma surutu ke kayar da su: bayan an fito, maimakon su bar ɗalibi ya gano kuskurensa da bakinsa, sai su yi masa wa'azi.

In duk horonka a simuleta ka yi shi, izininka a simuleta zai tsaya. Koyar da tashi da sauka a jirgi na gaske yana buƙatar ƙarin horo, kuma shi kamfaninku ya fi buƙata, tunda sabon matuƙi sai ya yi sauka 6 a jirgin, ko 4 in yana da awa sama da 500 a makamancinsa. In a filin Umaru Musa 'Yar'adua za ku yi, ku zaɓi sanyin safiya. Zafin Afrilu da ke kai digiri 40 yana rage ƙarfin inji ya kuma gasa birki, hazon hunturu kuwa yana ɓoye titin da dole ɗalibi ya riƙa gani yana kewaye.

Kafin ka sa hannu, ka tambaya ko farashin ya haɗa da kuɗin mai jarrabawa da na maimaitawa, da ko sai ka zo da abokin kwas. Ka tabbatar simuletar ta 604 ce ko ta 605. Shaidar tuƙinsu a lasisi ɗaya ce amma allunan ɗakin tuƙi sun bambanta. Ka samu biza kafin ka tsayar da ranar kwas, domin sokewa a ƙurarren lokaci tana cin kuɗi. Takardar EASA shekara 3 take yi kafin sabuntawa.

Tambaya: Yayana tsohon kyaftin ne, likita ya dakatar da shi saboda ciwon zuciya. Shin koyarwa ta wuce shi ke nan?
Wata mai karatu daga Daura

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ba ta wuce shi ba. Akwai takardar SFI ta malamin simuleta, wadda ba ta buƙatar shaidar likita. A tsarin EASA ya isa a ce ya taɓa riƙe lasisin tuƙin kasuwanci (CPL) ko babban lasisin tuƙin jiragen sufuri (ATPL), yana da awa 1,500 a jirage masu matuƙa biyu, ya ci gwajin samfurin a simuleta cikin wata 12, ya kuma zauna ɗan kallo a zango 3 ko zaman simuleta 2 na kwaikwayon cikakkiyar tafiya. Shi ma ya fara rubuta wa NCAA, ya haɗa da kwafin lasisinsa da shafukan ƙarshe na littafin awanninsa.