Tambayoyinku: Na jona ƙwan LED da batir, ya haska sau ɗaya ya mutu

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min. Ina son haɗa ƴar tocila ne da kaina, na samu fararen ƙwan LED guda biyar irin ƙananan nan masu ƙafa biyu, na farko na jona shi da batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 sai ya yi wani haske wal ya mutu har da ɗan ƙauri, na tsorata sai na gwada na biyu da batirin rimot guda ɗaya shi kuma ko motsi bai yi ba. Ƙwayayen ne jabu ko ni ne ban iya ba? Sannan ina da mataccen batirin laftof, an ce akwai batura masu kyau a cikinsa, zan iya sa su?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwayayenka lafiyarsu ƙalau, na farkon kai ka kashe shi da hannunka, na biyun kuwa yana nan da ransa, wuta ce ba ta ishe shi ba. Kar ka damu, ni ma na ƙona ba adadi kafin na gane kan abin.

LED ba kamar ƙwan tocilar da ba ne mai siririyar waya a ciki, wanda ko batir ya yi sanyi zai ɗan yi ja-ja. Shi sai wuta ta kai wani mataki sannan yake kamawa, fari yana son wajen bolt 3 zuwa 3.4, ja kuwa bolt 2 ma ya ishe shi. Batirin rimot bolt 1.5 ne kawai, ka ga ai ko hanya bai kama ba. Dalilin da ya sa farin ya fi cin wuta shi ne a cikinsa shuɗi ne, an shafa masa wani sinadari rawaya ne hasken ya gauraya ya fito fari, kuma shuɗin nan ya ba masana wahala sosai, shi ya sa ƴan Japan ukun da suka samar da shi, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci kyautar Nobel a 2014.

To da zarar an wuce matakin nan sai wani halin nasa ya fito, LED bai san ya ƙoshi ba, iya abin da batir ya tura iya abin da zai zuƙa har sai ya ƙone. Ƙananan nan miliamfiya 20 suke ɗauka, wato 0.02 na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, ƙasa da haka ma suna haske. Aikin rizista kenan, ta tsaya a hanya ta maƙure wutar, kuma ba da ka ake zaɓarta ba, lissafi ne mai sauƙi.

Jera batirin rimot uku, kan wannan a gindin wancan, ka samu bolt 4.5. Cire abin da ƙwan zai ci, mu ce 3.2, saura 1.3. Raba 1.3 da 0.02 zai ba ka 65, wato om 65, om shi ne ma'aunin ƙarfin rizista, babu rizista mai om 65 a waɗanda aka saba yi sai ka ɗauki ta sama da ita mai om 68, zanen jikinta shuɗi, ruwan toka, baƙi. Koyaushe ta sama ake ɗauka ba ta ƙasa ba. Da ka sa mai om 330 a batirinka na bolt 9 da ƙwan nan bai mutu ba, amma gaskiya ni ba na son batirin nan a tocila, kusan kashi biyu cikin uku na wutar a rizista za ta ƙare ta zama zafi, ga shi ba ya jimawa. In dai shi kake da shi to jera ƙwai biyu ɗaya bayan ɗaya ka sa musu om 150, asarar ta ragu.

Ƙafafun ma ka kula, doguwar ita ce ta ɓangaren +, gajerar ta −, in an riga an yanke su duba bakin ƙwan za ka ga gefe ɗaya a shafe, nan ne −. In ka juya ba zai kama ba. Hanya mafi sauri ta gwaji ita ce ka matse ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, tsakanin ƙafafun, shi ba ya iya tura wuta da yawa saboda haka ba ya ƙonawa.

Tunda huɗu suka rage maka, kowanne ka ba shi tasa rizistar mai om 68. Mutane na son yin rowa su haɗa duka a kan guda ɗaya, to ƙwayayen ba sa zama daidai ko da kamfani ɗaya ya yi su, wani zai fi jan wuta ya yi zafi ya mutu, nauyin ya koma kan sauran su ma su bi shi. Makunni ka sa shi a wayar + tsakanin batir da rizistocin. Wajen liƙi da dalma kar ka daɗe a kan ƙafar, daƙiƙa biyu ko uku sun isa, sannan ka naɗe duk inda waya ta fito tsirara da salatif. Jiki kuwa guntun fayif na roba ya wadatar.

Maganar batirin laftof, e, yawancin tsofaffin akwai baturan lithium da ake kira 18650 a ciki, sunan ma daga girmansa ne, kauri milimita 18 tsawo 65. Bolt 3.7 ne, in ya cika caji 4.2, guda ɗaya zai kunna maka fararen LED da rizista mai om 56 kowanne. Amma lithium ba abin wasa ba ne wallahi, in + da − suka haɗu kai tsaye ko aka huda shi yana iya kamawa da wuta. Auna kowanne da mita, wanda ya yi ƙasa da bolt 2.5 ko ya lotsa ko fatarsa ta yage ka ajiye shi gefe, mai kyau kuwa kar ka ɗora masa ayan ɗin liƙi mai zafi, nemi gidan batir ka sa shi, caji kuma ta ƙaramin allon nan TP4056, irin wanda ke da kariya. Ni dai da za ka ji tawa, fara da batirin rimot ukun nan tukuna, in ta kama ka rubuto mu yi maganar manyan LED na wat 1, su sai da farantin alminiyom a bayansu saboda zafi.