Tambayoyinku Kan Tsibiran Girka na Zamanin Da

Wasiƙun wannan watan sun karkata ne ga tsibiran da ke Tekun Ijiyan, tsakanin Girka da Turkiyya, da mutanen da suka zauna a cikinsu dubban shekaru da suka wuce. Mun miƙa su ga masana ilimin kufai da ke taimaka wa wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan wasu fararen gumakan dutse daga Girka, hannuwa a harɗe, babu ido babu baki sai hanci. Su wa suka sassaƙa su, da wane irin kayan aiki? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin mutanen tsibiran Kikilades ne, irin su Naksos, Faros, Amorgos da Siros, kuma masu harɗaɗɗun hannuwan an fi yin su tsakanin shekara ta 2700 da 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Galibi siffar mace ce, hannun hagu a bisa na dama. Yawancinsu daga taƙi ɗaya ne zuwa kamu ɗaya, amma akwai wadda aka samo a Amorgos mai kusan mita ɗaya da rabi, tana gidan tarihi na ƙasa a Atina.

Lokacin ba a san ƙarfe ba, tagulla kuwa ta yi wa farin dutsen mabul laushi, don haka aikin duk na gurza ne. Masassaƙi zai fasa falalen mabul daidai kaurin da yake so, ya rage gefuna da bugun dutse, sannan ya shiga gurzawa da emari, wani dutse mai tsananin tauri da ake haƙa a Naksos. Layukan yatsu da na wuya ana tsaga su ne da baƙin dutsen obsidiyan mai kaifi kamar gilashi. Gogewar ƙarshe kuma da dutsen aman wuta marar nauyi, irin wanda ake goge kaushi da shi. Inda aiki ke ɓaci sananne ne: wuya, gwiwa da idon sawu. Shi ya sa masassaƙan baya suka daina huda tsakanin ƙafafu, suka koma jan tsagi kawai. In gunki ya karye tun a lokacin, sai a huda ramuka biyu a gefen karayar a ɗaure da igiya ko da dalma.

Batun fuska kuwa, suna da ido. Da fenti aka zana shi, shuɗi daga ma'adinin tagulla, ja daga jar ƙasa ko wani jan ma'adini mai suna sinaba. Fentin ya kare dutsen da ke ƙarƙashinsa daga zaizaya na tsawon lokaci kafin shi ma ya tafi, sai wurin idon ya ɗan ɗara sauran fuskar tudu. Ka haska tocila daga gefe a ɗaki mai duhu, za ka ga ido da gira sun fito, wani lokaci har da ɗige-ɗige a kumatu. Farin da ake sha'awa a yau ba shi masu su suka gani ba.

Tambaya: Ta yaya aka san mutanen nan suna ƙetare teku tun kafin a fara rubutu? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Malama, dutse ne ya ba da shaida. Duk dutse mai aman wuta da ke fitar da obsidiyan, nasa obsidiyan yana da haɗin sinadarai na daban. A 1964 Colin Renfrew da J. R. Cann suka nuna cewa auna sinadarai irin bariyam da zirkoniyam na iya bayyana mahaƙar da yanki ya fito. An sami obsidiyan na tsibirin Milos a kogon Faranti da ke babban yankin Girka, a shimfiɗar ƙasa mai kimanin shekara 13,000, nisan fiye da kilomita 100. Milos kuwa bai taɓa haɗewa da tudu ba, ko a lokacin da ruwan teku ya ja baya. Su kansu jiragen mun san siffarsu daga baya, daga zanen da ke jikin wasu faya-fayan yumɓu na maƙabartar Halandiriyani a Siros: dogon kwalekwale, jerin filafilai, babu tanti na iska.

Tambaya: An ce akwai garin da toka ta binne a Santorini, har ana nuna gadon katako daga cikinsa. Katako zai kai shekara dubu uku? Kuma yaushe abin ya faru? Daga wani magidanci a Kumasi.

Amsa: Alhaji, garin shi ne Akrotiri, a tsibirin Santorini, kuma tokar da dutse mai aman wuta ya fitar ce ta binne shi. Spyridon Marinatos ya fara tono shi a 1967, bayan rasuwarsa a 1974 Christos Doumas ya ci gaba. Gidaje ne masu hawa biyu da uku, da magudanan ruwa a ƙarƙashin tituna, da zane-zanen bango na jiragen ruwa, birai shuɗɗa da mata masu tsinkar furen za'afaran.

Katakon ya ruɓe tuntuni. Abin da ya rage shi ne ramin da ya bari a cikin toka mai tauri. Da mai tono ya ji cebur ɗinsa ya faɗa kogo, sai a dakata. A dama filasta ruwa-ruwa, a zuba ta mazurari sannu a hankali, a bar ta ta daskare, sannan a share tokar da burushi. Abin da zai fito shi ne siffar gadon, har da sawun igiyar da aka ɗaure shi. Dabarar ta Giuseppe Fiorelli ce, wanda ya yi amfani da ita a 1863 a Pompeii, wani gari a Italiya da shi ma toka ta binne. In damun ya yi kauri ba zai kai siraran wurare ba, in an yi gaggawar zubawa iska ta maƙale ta bar giɓi, in kuma cebur ya riga ya rushe bangon ramin to an yi asara ke nan.

Ba a sami gawarwaki a garin ba, zinariya ma kaɗan ce ƙwarai. Girgizar ƙasa ce ta fara zuwa, mutane suka dawo suna kwashe ɓaraguzai, har an ga gadaje da aka fitar waje aka jibge. Daga nan siririyar toka ta sauka, suka kwashi abin da ya fi daraja suka bar garin.

Shekarar ce ake ta ja-in-ja a kai, kuma gardamar mai ma'ana ce. Masu bin salon tukwane, suna gwada su da jerin sarakunan Masar, sun daɗe suna cewa wajen 1500 kafin Miladiyya. Masu gwajin kabon-14, wanda rabinsa ke raguwa duk shekara 5,730, sun auna hatsin da ke cikin randuna da wani reshen zaitun da toka ta binne da ransa, kuma sakamakon reshen da aka buga a 2006 ya ba da 1627 zuwa 1600 kafin Miladiyya. Gwajin yana da tarnaƙi uku a nan. Adadin kabon na iska bai canza sosai ba a wannan ƙarnin, don haka shekaru daban-daban kan ba da awo kusan ɗaya. Zaitun ba ya yin zobe bayyananne a cikin katakonsa kowace shekara, irin zoben da ake ƙirga shekarun itace da shi. Tsiron da ya girma kusa da inda dutsen ke hucin iska kuma yakan shaƙi tsohon kabon ya nuna ya girmi shekarunsa. Sabon awo na zoben itatuwa shekara bayan shekara ya sa da yawa yanzu suna karkata ga ƙarni na 16 kafin Miladiyya, kuma mu ma can muka fi natsuwa. Abu ɗaya dai ya tabbata: ba wannan aman ne ya rushe fadojin tsibirin Kirit ba kamar yadda Marinatos ya zata a 1939, domin sun ci gaba da rayuwa har wajen 1450 kafin Miladiyya.

Tambaya: An iya karanta rubutun mutanen Kirit? Daga wata ɗaliba a Garwa.

Amsa: Iri ɗaya kawai. Michael Ventris ya warware rubutun da ake kira Liniya B a 1952, ya tarar tsohon Girkanci ne, kuma lissafin tumaki, mai da hatsi ne ya cika allunan. Liniya A, wanda ya girme shi, ana iya furta da yawa daga alamominsa amma harshen bai buɗu ba. Allunan ɗanyen yumɓu ne, gobarar da ta cinye gine-ginen ce ta gasa su suka tsira.

Tambaya: In mutum ya tono gunki ya sayar, ya ƙare a gidan tarihi ana kula da shi, ina laifin? Daga wani ɗan kasuwa a Kaduna.

Amsa: Ranka ya daɗe, abin da ake sacewa ya wuce gunkin. A shekarun 1950 da 1960 kasuwar gumakan Kikilades ta yi zafi a Turai da Amurka, aka burkuta kaburbura ba adadi. Yau mafi yawan gumakan da aka sani ba a san ramin da suka fito ba, ba a san ko namiji ko mace aka binne da su ba. Mabul kuma ba ya gwajin kabon, don haka jabu ya cakuɗe da na gaske.

Dubi tsibirin Keros. Ɓarayi sun yashe wani sashe nasa, gutsattsarin suka watsu a duniya, kowa ya ɗauka su suka farfasa. Tsakanin 2006 da 2008 tawagar Renfrew ta tono sashen da bai taɓu ba, tana rubuta mazaunin kowane yanki tana tankaɗe ƙasar. Aka sami gutsattsarin gumaka sama da 500, kuma kusan babu biyu da suka haɗu da juna. Ma'ana an farfasa su ne da gangan a wasu tsibiran, aka ɗauko yanki guda aka kawo nan aka ajiye. Da a kanti aka ga waɗannan gutsattsarin, babu mai gano haka.

A jiharku ma an ga irin wannan. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sun tarar da gumakan yumɓu a farfashe cikin ramuka, alhali waɗanda ke kasuwa cikakku ne, sau da yawa an harhaɗa su da gam. Wanda ya ci karo da irin wannan a gona, kada ya ciro, kada ya wanke. Ya ɗauki hoto da wani abu a gefe don nuna girma, ya mayar da ƙasa a kai, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa.