Amsa ga ɗan'uwa mai neman inda zai sayi altaneta a Katsina

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka, cewa Corolla ɗinka ta 2006 tana kunna fitilar batir, da safe ba ta tashi sai an ɗauko wani batirin, rewaya ya ce altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in mota na aiki, ta mutu, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka: sabuwa cikin kwali a shago nan Katsina, ko beljiyom, wato tsohuwa da aka ciro daga motar waje, da wani zai turo maka daga Kofar Ruwa ta Kano, ko wadda ka gani ana talla a intanet. Allah ya sauwaƙe. Na daɗe cikin harkar mota, na yi tuƙin haya tsakanin Katsina da Kano, yanzu kuma ina kula da motocin da yara ke ja mani, don haka zan gaya maka abin da na sani tsakani da Allah.

Kada ka fitar da ko sisi tukuna. A fara tabbatar da cewa ita ce ta mutu, domin altanetoci da yawa da ake cirewa a garejin garin nan lafiyarsu ƙalau, ko kuma ciwon nasu ƙarami ne. Ka sa rewayan ya ɗora mita a kan batir kana tsaye kana gani. In mota tana kashe, batir mai cikakken caji zai nuna wajen bolt 12.6. In an tayar da ita, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Sai a kunna fitilu da AC a sake dubawa. In ya faɗo ƙasa da 13 ya zauna a nan, caji bai isa ba. In ya haura 15, caji ya yi yawa, kuma shi ne ke dafa batir har ka riƙa jin wari. Ko da caji ya gaza, a duba bel, domin a injin motarka bel ɗaya ne ke jan altaneta da famfon ruwa da AC, in ya saki ko ya yi santsi komai zai raunana. A duba babban fis na caji, a duba kawunan batir ko sun yi farin gishiri, a duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota.

Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya ce zai cire kan batir mota na aiki don ya gane ko tana caji, ka riƙe mashi hannu. Wannan gwajin na zamanin tsofaffin motoci ne. A motar da ke da kwamfuta, wutar na iya yin tsalle ta ƙona dayod, wato ɓangaren altaneta da ke gyara wutar kafin ta shiga batir, ko ta taɓa kwamfutar kanta, ka shigo da matsalar altaneta ka fita da wadda ta fi ta tsada.

To in an tabbatar ita ce, sai a buɗe ta kafin a yi maganar saye. Wadda Toyota ta sa wa motar nan Denso ce, kuma Denso ana gyara ta. In an cire murfin baya, ga kabon nan mai goga yana kai wuta ciki, ga aisi mai daidaita ƙarfin caji, ga dayod, kowanne ana canza shi shi kaɗai. Kabon yana cinyewa ne da tsufa, kamar yadda birki ke cinyewa, kuma ƙurar hunturu tamu ba ta taimaka mashi. In ƙara take yi kamar niƙa, boris ne, wato abin da ke sa ta juya sumul. In koyil, wato naɗin wayoyin tagulla na ciki, bai ƙone ba, wallahi gyaran ta asali da kaya masu kyau ya fi mani sabuwar da ban san inda aka ƙera ta ba. Amma in ka leƙa ka ga wayoyin tagullar nan sun yi baƙi, kana jin ƙauri, ka haƙura da ita. Sake naɗa koyil da hannu yana yi na ɗan lokaci, sai dai ban cika ganin yana jure zafin Afrilu da AC a kunne ba.

Yanzu maganar saye. Sabuwar cikin kwali kashi biyu ce. Akwai ta gaske, Denso ko ta Toyota, wadda kuɗinta zai sa ka ja numfashi, kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba, sai dai a yi maka oda. In kana da hali kuma ka yarda da mai shagon, ita ce ƙarshen magana. Sai kuma wadda ta cika kasuwa, mai sheƙi, kwali mai kyau, wani lokacin har da sunan babban kamfani a jiki, farashinta kuma ƙasa da na beljiyom. Nan nake so ka tsaya ka yi tunani, yaya sabuwa ta gaske za ta fi tsohuwa araha? Ba duka ne marasa kyau ba, akwai waɗanda ke yin aiki, amma kai ba ka da hanyar rarrabewa da ido, kuma yawancin masu sayar da su da zarar an ɗaura sun ce ba a mayar da kayan wuta.

Beljiyom ita ce zaɓina ga mota irin taka, in an samu ta gaskiya, wato wadda aka ciro daga motar waje ba a taɓa buɗe ta ba. Matsalar ita ce akwai wadda ta gama aiki a nan gida, aka wanke ta da fetur, aka fesa mata fenti ruwan azurfa, aka jera ta cikin na waje. Ka ɗauke ta a hannunka ka juya. Ta gaskiya za ka ga jikinta ya dushe daidai ko'ina, da 'yar tsohuwar ƙura a lunguna, sitikarta na nan da lamba. Wadda aka yi wa kwalliya za ka ga fenti ya fantsama har kan wayoyin tagulla na ciki da kan soket, kawunan notinan baya sun sha sukundireba, wani notin ma ba ɗan'uwan sauran ba ne. Ka juya fuli, wato inda bel ke hawa, da yatsa kusa da kunnenka, ya tafi sumul ba ƙara, ka girgiza shi ka ji ba ya wasa. Ka kai hancinka ka sansana. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan dubawar, shi zai ma miƙo maka ta biyu ka gwada.

Ka tafi da tsohuwar a hannu, kada ka dogara da cewa "ta Corolla". Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 yawanci injinta 1ZZ ne, irin wanda ke cikin yawancin Matrix da Pontiac Vibe masu 1.8 na waɗannan shekarun, amma daga 2009 an koma 2ZR, kuma altanetarsu ba ɗaya ba ce. A jera su biyu a ƙasa: ƙafafun da ake ɗaurewa su yi daidai, layukan fuli su yi daidai, soket ya zama iri ɗaya, domin wasu Denso fil uku ne wasu huɗu. A sitika za ka ga lambar Toyota da ke farawa da 27060, da kuma ƙarfinta, kamar 12V 80A. Kada ka karɓi wadda ta gaza taka ƙarfi. Kuma kada ka yarda a yanka maka waya a ce za a "daidaita" soket. Na ga motoci da yawa da fitilar batir ta daina aiki gaba ɗaya saboda irin wannan haɗin, mai ita bai san caji ya tsaya ba sai da ta mutu mashi a hanya. Mu kuma a jihar nan kowa ya san akwai hanyoyin da ba a fatan mota ta tsaya wa mutum bayan magariba. 

Game da Kano, gaskiya ne Kofar Ruwa ta fi mu yawan kaya, kuma masu shagunanmu da yawa can suke sari, ko su yi oda daga Ladipo ta Legas. Don haka za ka iya samun sauƙi. In kana da wata tafiyar Kano da motar, ko za ka shiga da kanka riƙe da tsohuwar, babu laifi ko kaɗan, ka zaɓa da idonka a ɗaura a gwada a can. Abin da ba na so shi ne ka tura kuɗi ga wanda ba ka sani ba ya sa maka ita a motar haya. In ta iso soket bai yi ba, ko aka ɗaura ba ta caji, ka biya kuɗin kawowa, ka biya na mayarwa, ka biya rewaya sau biyu, mota na ajiye, sannan a fara gardamar ko kai ka ƙona ta. Ɗan rangwamen da ka samu ya tafi. Ta intanet kuwa ta fi wannan nisa, hoto kawai ka gani, kuma hoton ba lallai na wadda za a turo ba ne. Sai dai in mota ce da kayanta ba sa samuwa a nan, Corolla kuwa ba ta cikinsu.

Shi ya sa ni nake saye a wurin da ƙafata za ta iya komawa. Mai shago a nan cikin gari, wanda ya daɗe a wurin, wanda direbobin tasha suka san shi. Ka tambayi direbobin haya biyu ko uku a tasha inda suke sayen kayan wuta, za ka ji suna ɗaya yana maimaituwa. Kafin ka biya ku yi magana a fili: za a ɗaura a gwada da mita, in ba ta yi ba a canza ko a mayar da kuɗi, kuma kwana nawa ya ba ka. Ko mako ɗaya ya bayar, a rubuta a rasit tare da lambar da ke jikinta. Wasu sukan yi wa kayan alama da fenti don kada a musanya masu, wannan alama ce ta mai niyyar karɓa in an dawo da shi. In ya ce maka kayan wuta ba garanti ko na awa ɗaya, ka yi mashi godiya ka wuce shago na gaba, ko da nashi ya fi araha. Farashi kuwa yana bin dala, don haka ka zagaya shago uku a rana ɗaya ka ji bakinsu.

Ka je da rewayanka, idonshi ya fi naka a wannan fannin, amma ka riƙe cinikin a hannunka. Sananne ne ana ba mai kawo ciniki la'ada, kuma ba na zargin kowa, sai dai in shi ya zaɓo, shi ya yi ciniki, shi ya ɗaura, ranar da ta lalace ba ka san wanda za ka riƙe ba. Ka biya shi kuɗin aikinshi da kyau, har da na rakiya, kai kuma ka biya mai shago da hannunka.

Bayan an ɗaura, a nemo abin da ya kashe ta farko, in ba haka ba ita ma wannan za ta bi sahu. Batirin da ya mutu yana sa altaneta aiki ba hutu har ta yi zafi, don haka a kai shi caji a gwada shi, in ba ya riƙewa a canza. A duba ko man inji na ɗiga a kanta. Ka hana masu wankin mota fesa mata ruwa mai ƙarfi, kuma in za a tayar da motar da wani batir a lura kada a juya kawunan. Tsohuwar kuma taka ce, kada ka bar ta a gareji. In koyil ɗinta lafiya, ka sa a gyara ta a hankali ka ajiye, in kuwa ta ƙone akwai masu shagon da ke karɓa su rage maka kuɗi, ka tambaya tun kafin a gama ciniki.

Ka turo hoton sitikar da na soket ɗin, da abin da mita ta nuna mota a kashe da kuma a kunne, in sha Allahu zan duba in gaya maka ko gyara ne ko saye.