Guangzhou: amsa ga mai son haɗa karatu da sayayya

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ka ce kana son neman gurbin koyon Sinanci a Guangzhou, idan ka zauna kuma ka riƙa saya wa 'yan Kantin Kwari kaya kana karɓar kamasho, kana tambayar wane irin gari ne. To ga abin da mu mazauna nan za mu gaya maka.

Garin yana kan kogin Zhujiang ne a kudancin Sin, kimanin kilomita 120 daga Hong Kong, kuma manyan jiragen kwantena a Nansha suke tsayawa, can inda kogin ya faɗa teku. Ƙidayar 2020 ta ba shi mutum fiye da miliyan 18. Baƙo ba sabon abu ba ne a nan. Tun zamanin daular Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce, fataken Larabawa da Farisawa suka kafa unguwarsu a garin, kuma masallacin Huaisheng da doguwar hasumiyarsa yana nan ana salla a cikinsa. Musulmin garin suna danganta shi da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne, ko da yake malaman tarihi suna da ja a kan haka. A masallacin da ke wajen kabarin ne za ka ga cikar Juma'a mafi girma.

Abin da ya fi shafarka a tarihin shi ne wannan: daga 1757 zuwa 1842 sarkin Sin ya rufe wa Turawa sauran tashoshi, ya bar musu Guangzhou kaɗai. A nan ma an killace su a 'yar unguwa ɗaya bakin kogi, ba sa shiga cikin ganuwa, ba sa ciniki sai ta hannun attajiran da hukuma ta ba lasisi, kuma idan lokacin kasuwa ya wuce su koma Macau. Sai bayan yaƙin da Ingila ta yi da Sin kan cinikin ofiyom, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing a 1842, tsarin ya rushe. A ganinmu halin bai canja sosai ba. Garin yana maraba da kuɗinka, amma zamanka a ƙidaye yake, kwana bayan kwana.

Saboda haka mu fara da takarda. Bizar karatu mai tsawo ita ce X1, ana ba da ita da takardar shiga makaranta da fom ɗin JW202, ko JW201 ga mai tallafin gwamnati. Da ka sauka, cikin awa 24 dole a yi maka rajistar masauki. Otal shi yake yi da kansa, amma idan gidan wani ka sauka kai za ka je ofishin 'yan sanda na unguwar da fasfo da takardar haya. Cikin kwana 30 kuma ka yi gwajin lafiya ka mayar da bizar izinin zama. Wanda ya wuce wa'adinsa tarar yuan (kuɗin Sin) 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Yin aiki ba da izini ba tararsa daga yuan 5,000 zuwa 20,000, ana iya haɗawa da kora. Nan ne shirinka yake da rami: izinin ɗalibi ba na aiki ba ne, kuma makarantu suna kiran suna a aji. Ɗalibin da yake yini a kasuwa, fashinsa ya yi yawa, makaranta za ta cire sunansa ta sanar da hukumar shige da fice, izinin ya mutu. Idan ciniki kake so, bizar M ita ce taka. Idan karatu ne, ka ba shi shekara guda cur, harshen da kansa jari ne. Sai dai ka sani Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, za a koya maka a aji, 'yan asalin gari kuwa harshen yankinsu, Kantonis, suke yi a tsakaninsu.

Kasuwa kuma ba wuri ɗaya ba ce. 'Yan Afirka sun fi taruwa a Xiaobei, inda Musulmi suka fi yawa, da Sanyuanli. Yadi yana Zhongda kusa da jami'ar Sun Yat-sen, tufafi a Baima kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wasu kayan sai ka fita garuruwan da ke kusa: tayil da kujeru sai Foshan, fitilu sai Guzhen, wayoyi da kayan gyaransu sai kasuwar Huaqiangbei a Shenzhen. Babban bajekolin Canton Fair, wanda aka fara a 1957, sau biyu ake yinsa a shekara a unguwar Pazhou ta Guangzhou, wajen Afrilu da Oktoba, kuma lokacin kuɗin otal yakan yi tashin gwauron zabi.

Inda sabon shiga yake ƙonewa shi ne tsakanin samfur da kaya. Za a nuna maka shadda mai nauyi, ka biya kafin alƙalami, yawanci kashi 30 cikin ɗari, ranar lodi ka tarar an rage nauyin zare ko faɗin yadi. Maganinsa: a raba samfur biyu, kowa ya sa hannu a kai ya riƙe ɗaya, a rubuta nauyi da faɗi da launi da yawan yadi a takardar oda, kuma kada ka cika kuɗi sai ka buɗe katan daga tsakiyar tari, ba wanda aka miƙo maka ba. Kayan jirgin ruwa da kubik mita ake auna su. Kwantena mai ƙafa 20 takan ci kamar 28, doguwa mai ƙafa 40 kamar 68. Ka auna katan da kanka kafin ya shiga sito, domin santimita biyu da aka ƙara a kowane gefe, a katan ɗari uku, kuɗi ne masu yawa. Zuwa Legas ka ƙiyasta wata ɗaya da rabi ko fiye, ban da jiran fito, don haka kayan Salla tun da wuri ake loda su. Ka kuma lura da hutun sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu suke rufewa makonni.

Zaman yau da kullum ba wuya idan ka shirya. Kusan komai da manhajar waya ta WeChat ko Alipay ake biya, har mai sayar da ayaba a bakin titi. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke, ka gyara wayarka tun kana gida. Abincin halal yana samuwa a shagunan taliyar Musulmin arewa maso yamma masu koren allo. Zafin garin mai gumi ne, kuma wajen Maris danshi yakan sa bango ya riƙa tsattsafo da ruwa, takalmi ya yi fumfuna a cikin kabad. Gidan haya ma ba kowane mai gida ke ba baƙar fata ba; a Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidaje da otal-otal har gwamnatocinsu suka yi ƙorafi. Shi ya sa muke cewa shekarar farko ka zauna a ɗakin kwanan makaranta, rajistarka tana hannunsu, fasfonka kuma kullum yana aljihunka, don ana tare mutum a Xiaobei a tambaye shi.