Hajiya, fara sayen inshorar ambaliya, shari'a ta biyo baya

Wata 'yar'uwarmu da ke zaune a Amurka ta aiko da wannan tambaya:

"Barista, ina aikin jinya a Houston, jihar Texas. Bara na sayi gida da bashin banki a gundumar Harris. Dillali ya ce gidan ba ya cikin yankin ambaliya, banki ma inshorar gida kawai ya nema. Makon jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya zo har ƙofar gareji. Sai maƙwabciyata ta ce ai lokacin guguwar Harvey ruwa ya shiga gidan har gwiwa, da idonta ta ga ana fitar da kafet. Na koma takardar da tsohon mai gidan ya cike lokacin ciniki, inda aka tambaye shi ko ruwa ya taɓa shiga, ya ce a'a. Inshorar da nake biya za ta biya ni idan ruwa ya shigo? Kuma ina da hakki a kansa?"

Hajiya, Allah ya tsare gaba. Amsar tambayarki ta farko ba ta da daɗi: ba za ta biya ki ba. Inshorar gida da aka saba yi a Amurka tana kallon inda ruwa ya fito. Idan bututu ya fashe a bango, ko iska ta yaye rufi ruwan sama ya zubo, galibi za su biya. Ruwan da ya taso daga titi ko magudana ya shigo ta ƙofa kuwa, an cire shi ƙarara a cikin takardar. Wannan sai da inshora ta daban, ko dai ta shirin gwamnatin tarayya na NFIP da aka kafa a 1968, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ke gudanarwa, ko ta kamfani mai zaman kansa.

Dillalin mai yiwuwa bai yi miki ƙarya ba, sai dai maganar tasa ba ta kai nauyin da kika ba ta ba. Doka ta wajabta wa banki ya nemi inshorar ambaliya ne kawai idan gida ya faɗa cikin yankin da taswirar FEMA ta ware, wanda mutane ke kira yankin ambaliyar shekara ɗari. Sunan nan ya cuci jama'a da yawa. Ba wai ruwa yana zuwa sau ɗaya a shekara ɗari ba ne. A kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari, wanda idan aka tara shi a shekaru 30 na biyan bashin gida ya kai kusan kashi 26. Wajen layin kuma ba tudun mun tsira ba ne. A watan Agustan 2017 Harvey ta cika gidaje sama da 150,000 da ruwa a gundumar Harris, kuma mafi yawansu suna wajen wannan yanki. Houston shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ga laka mai riƙe ruwa, ga siminti ko'ina. Ruwa ba ya duba taswira kafin ya kwanta.

Saboda haka yau ɗin nan ki kira wakilin inshorarki. Dalilin gaggawar shi ne, inshorar NFIP ba ta fara aiki sai bayan kwana 30 da saye. Da kin saye ta ranar da aka rufe cinikin bashin, da ta fara nan take, amma wannan dama ta wuce. Lokacin guguwa kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma wanda ya jira sai an sanar da guguwa a talabijin ya makara.

Ki san abin da kike saya. Iyakarta dala 250,000 ce ga gini, dala 100,000 ga kayan ɗaki, kuma kowanne da nasa. Mutane kan sayi ta gini su manta da kaya. Kayan ɗaki ana biyansu ne da darajarsu ta ranar da suka lalace, ba kuɗin sabo ba. Ba ta biyan otal ko hayar da za ki kama yayin gyara, ba ta biyan mota. Idan darajar ginin ta fi dala 250,000 ɗin nan, ki nemi farashin kamfanoni masu zaman kansu ki gwada, amma ki karanta sharaɗin da ya ba su damar ƙin sabunta miki. Tun Oktoban 2021 FEMA ta koma yi wa kowane gida farashi gwargwadon nasa hatsarin, don haka kada ki auna da abin da maƙwabciyarki ke biya. Kada kuma ki jingina da tallafin gwamnati: sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, ba ya isa gyaran gida, kaso mai yawa kuma rance ne da za a biya. Na san wasu 'yan'uwa suna da tambaya kan hukuncin inshora a addini. Wannan fagen malamai ne, ni nawa in faɗa miki inda doka ta bar ki.

Yanzu tsohon mai gidan. Dokar kadarori ta Texas, sashe na 5.008, ta wajabta wa mai sayar da gida ya cike takardar bayyana abin da ya sani. Bayan Harvey majalisar jihar ta faɗaɗa ta, daga 1 ga Satumban 2019: dole ya faɗi ko ruwa ya taɓa shiga, ko ya taɓa neman diyyar inshorar ambaliya, ko ya karɓi tallafin FEMA, ko gidan yana yankin shekara ɗari ko ɗari biyar ko cikin hurumin madatsar ruwa. Wannan na ƙarshe darasin madatsun ruwan Addicks da Barker na Houston ne, inda mutane suka wayi gari suka gane gidajensu a cikin wurin tara ruwa aka gina su.

Amma duk shari'ar a kan kalma ɗaya take tsaye, wato sani. Takardar tana tambayar abin da ya sani ne. Idan shi ke zaune a gidan a 2017, da wuya alƙali ya yarda ruwa ya kai masa gwiwa bai lura ba. Idan kuwa a 2020 ya saya daga wani, aikinki ya ƙaru, sai kin nuna an gaya masa. Wannan za ki fara bincika, a rajistar gunduma, kuma ba wuya. Daga nan ki nemi tarihin diyyar gidan daga FEMA a matsayinki na mai shi, ki duba ko an ɗauki izinin gyara daga hukumar birni a ƙarshen 2017, ki roƙi maƙwabciyarki ta rubuta abin da ta gani ta sa hannu, da hotuna idan tana da su. Ki sa mai duba gini ya leƙa bayan bango. Sabon allon bango daga ƙasa zuwa ƙugu a duk ɗakuna shaida ce mai magana da kanta.

Idan hujja ta haɗu, hanya biyu ce a gabanki. Dokar kare masu saye daga yaudara ta Texas ta ba ki shekara biyu daga ranar da kika gano, ko ya kamata ki gano, kuma sai kin aika masa da rubutacciyar sanarwa kwana 60 kafin ki shigar da ƙara. Idan aka tabbatar da gangan ya yi, diyya na iya ninkawa har uku. Ƙarar zamba a cinikin gida kuma tana da shekara huɗu. Lauyansa zai ɗaga kwantiragi ya ce kin sayi gidan "yadda yake". Kotunan Texas suna girmama wannan sharaɗi, sai dai ba ya kare wanda ya ɓoye gaskiya don a saya.

Ra'ayina, kada ki sa ran za a warware cinikin a mayar miki da kuɗi. Tunda ruwa bai shiga a hannunki ba, asararki ita ce bambancin abin da kika biya da abin da gidan zai yi da an faɗi gaskiya, da duk wata ɓarna da aka lulluɓe da fenti. Irin wannan yakan ƙare a teburin sulhu, kuma kwantiragin da aka saba amfani da shi a Texas ma sulhun ya fara nema. Ki kai takardunki ga lauyan gidaje mai lasisin jihar kafin ki yi wa mai gidan ko dillali magana, ko da saƙon waya ne.

Abu ɗaya kuma ya hau kanki daga makon jiya: yanzu ke ma kin ji labari. Ranar da za ki sayar, takardar nan ke za ki cike ta, kuma tambayar ba ta canza ba.